Abin da ya shafi masan Jibiya ya shafi rijiyar Maraɗi

A watan Yulin 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa cikin jihar Maraɗi, kuma marasa lafiyar farko da aka gani daga yankin Jibiya suka tsallako neman magani, kafin a shawo kanta ta kama sama da mutum 3,000 a Nijar. Ba laifin Jibiya ba ne, wata shekarar daga Nijar take tasowa ta shigo Najeriya, don mutanen ai ɗaya ne, kasuwa ɗaya suke ci, aure suke ba juna. Ko ruwan ma ɗaya ne. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi, sannan ya sake juyowa Najeriya ta gabashin Sakkwato. Duk ƙazantar da ruwan damina ya kwaso daga bayan gari a wannan ɓangare, gobe tana bakin rijiyar wancan ɓangaren. Shi ya sa nake ganin duk shirin tsafta da ya tsaya a shingen kwastan rabin aiki ne.

Alƙawari dai an sha yi. A 2008 ministocin Afirka sun haɗu a birnin Durban na Afirka ta Kudu suka ce kowace ƙasa ta ware aƙalla kashi 0.5 cikin ɗari na arzikinta don tsaftar muhalli, a 2015 kuma suka sake zama a Dakar suka sa hannu kan sanarwar Ngor cewa zuwa 2030 za a daina bahaya a fili a nahiyar baki ɗaya. Majalisar ministocin ruwa ta Afirka, AMCOW, hedikwatarta ma a Abuja take. Ban raina waɗannan taruka ba, su suka sa gwamnatoci suka fara jin kunyar alƙalumansu, amma gaskiya mai unguwar da ke garuruwan iyaka irin Magama ko Ɗan Isa bai taɓa ganin amfaninsu a ƙofar gidansa ba.

A Najeriya an ɗan motsa, wannan ba a musu. A Nuwamban 2018 shugaba Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta, shekara ɗaya bayan nan ya sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009 da nufin kawar da bahaya a fili kafin ƙarshen 2025. Wa'adin bai yiwu ba, an mayar da shi 2030, kuma binciken da gwamnati ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 har yanzu daji ko kwata ko leda ce makewayinsu. A wannan shekarar dai kwalara ta kama sama da mutum 111,000 ta kashe sama da 3,600, mafi yawansu a Bauchi da Kano da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma a daminar nan ɗin Maraɗi da Tawa da Damagaram su ma suna ta fama da ita.

Sai ga Jigawa a Oktoban 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar duk ƙananan hukumominta 27 sun bar bahaya a fili. Wannan abin alfahari ne kuma ya kamata a tsaya a dubi yadda aka yi shi, don ba gwamnati ce ta bi gida-gida tana haƙa wa mutane masai ba, a'a, an shiga ƙauye ne an zauna da dagaci da liman da mata, an zaga da mutane sun ga inda suke tsugunawa da inda ƙuda ke tashi ya sauka kan tuwo, su da kansu suka ji abin ya dame su suka ɗauki diga da shebur. Nijar ma tana da irin wannan tsari a ƙauyukanta, sai dai nauyinta ya fi, don kusan kashi biyu cikin uku na jama'arta ba su da makewayi.

To ga tambayar da ke damuna. Ranar Alhamis dubban mutane ke cika kasuwar Maigatari, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, da shanu da raƙuma da motocin kaya, wasu su kwana biyu. Ina za su zaga? Mutumin da ya gina masai a gidansa ya sa murfi ya ajiye buta da sabulu, in ya zo kasuwa ko tasha bai samu gidan wanka da bahaya mai tsafta ba dole ya nemi bayan katanga, kuma ɗan garuwan da ke sayar wa mai abinci ruwa a nan kusa yake ɗiba. Haka Illela da Birnin Ƙonni, haka Kongolam, haka Gamboru da Fotokol ta Kamaru. Waɗannan wurare su ne ainihin inda ƙasashen ke haɗuwa, kuma su ne aka fi mantawa da su a kasafin kuɗi saboda kowace gwamnati tana ganin rabin masu amfani da wurin ba 'yan ƙasarta ba ne. Ga kuma 'yan gudun hijirar da ta'addancin 'yan bindiga ya koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi tun 2019, su ma a kan rijiyoyin masu masaukinsu suka sauka.

Na san siyasa ta yi tsami, an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 tana nan a Yamai, hukumar tafkin Chadi tana nan a Njamena tun 1964, ba sai an ƙirƙiri sabon ofis ba. Abin da ake buƙata ƙarami ne wallahi. Jami'in lafiya na Jibiya ya kasance yana da lambar takwaransa na Madarunfa, da izinin ya kira shi ranar da ya ga mutum biyu da amai da gudawa, ba sai takarda ta je Abuja ta zaga Yamai ba. A zuba kulorin a rijiyoyin ɓangarorin biyu a mako ɗaya kafin ruwa ya sauka. Kuɗin shiga da ake karɓa kan kowace saniya a kasuwannin iyaka a yanki wani abu a gina bandaki, na mata daban, a ba wani ya riƙa kula da shi yana karɓar ɗan abin da ba zai gagari talaka ba, a kuma ware wa masu kwashe masai wurin zubarwa nesa da gulbi, don in ba a ware ba a fadama za su juye. A dawo da duba-gari da ƙarfinsu, a biya su albashi kan lokaci. Sarakunan Katsina da Daura da na Maraɗi da Damagaram kuwa dangantakarsu ta girmi iyakar kanta, in gwamnoni suka nemi su jagoranci wannan aiki kafin damina mai zuwa ba na jin za su ƙi.