Ka tara kuɗi, kar ka tara kaya: magana ga mai son haɗa kwamfutarsa ta farko

Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wata shawara da nake yawan jin ana bai wa matasanmu masu sha'awar haɗa kwamfutar tebur da hannunsu, ni kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Wai ka riƙa saye kaɗan-kaɗan: wannan watan ka ɗauki firosesa, wata mai zuwa ka sayi ram, in Allah ya hore bayan sallah ka nemi madabod. Na san inda tunanin ya samo asali. Haka muke gina gida, yau a buga bulo, gobe a ajiye rodi, kuma ginin yana tashi lafiya lau, domin bulon bana yana hawa kan na bara ba gardama. Kayan kwamfuta ba su da wannan haƙurin. Kowanne an ƙera shi ne ya zauna da wasu ƙayyadaddun abokan zama. In ka kawo masa bare, ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi tashi, ko kuma ya ƙona na kusa da shi, wanda shi ne ya fi ciwo.

Kafin ka tambayi kuɗin komai, ka fara amsa wa kanka wace irin hidima kwamfutar za ta yi. Mai tace bidiyo da mai zanen gini da mai wasan gem da mai buɗe shagon buga takardu, buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Wannan ba sai na daɗe a kai ba. Abin da nake so mu zauna a kansa shi ne kayan nan uku da ba a raba cinikinsu: firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, madabod ko bod, wato faifan da ake dasa sauran kayan a kansa, da ram, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake cikin yi.

Kowane firosesa yana da gurbin da yake zama a jikin bod, shi ne soket. Kamfanin AMD suna da AM4, wanda firosesocinsu na Ryzen ke hawa tun 2017, sai AM5 da ya fito a 2022 tare da Ryzen 7000. Kamfanin Intel kuwa, da ke ƙirga zubin firosesocinsu da lambar jenareshan, sun fi yawan sauya gurbi: LGA1200 na jenareshan na 10 da na 11 ne, LGA1700 na 12 da 13 da 14, sannan LGA1851 ya zo a 2024. Kusan kowa ya san na Intel ba ya hawa bod ɗin AMD. Inda ake faɗawa rami shi ne zaton cewa da zarar sunan soket ya zo ɗaya, magana ta ƙare.

Ɗauki LGA1151, wanda ya cika kasuwannin kayan hannu, ko a titin Beirut na Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Jenareshan huɗu ne suke amfani da wannan sunan, daga na 6 zuwa na 9, amma gida biyu ne. Na 6 da na 7 suna aiki a kan bod irin H110 da B250 da Z270. Na 8 da na 9 sai H310 ko B360 ko Z390 da danginsu. In ka ɗauki i5-8400, wanda na jenareshan na 8 ne, ka ɗora a kan H110, zai zauna daram, murfin zai rufu, ba abin da zai nuna maka akwai matsala. Ka kunna, allo baƙi ƙirin. Wani ƙanin abokina ya taɓa zuwa mini da irin wannan haɗin a cikin leda, ya saye su wata uku tsakani a shaguna biyu, kowanne kuma lafiyarsa lau. Babu mai shagon da ya cuce shi, kowa abin da ya tambaya ya ba shi. Sai da ya sayar da bod ɗin a kan asara.

Tunda na ambaci waɗannan tsofaffin, ga wani abin lura. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance tana farawa ne daga jenareshan na 8 a Intel, da Ryzen 2000 a AMD, sannan tana neman wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Don haka in wani ya yi maka tayin i7 na jenareshan na 6 yana cewa ai i7 ne, ka gode masa ka wuce. Lambar jenareshan ta fi wannan i7 ɗin muhimmanci. A ayyuka da yawa i3 na jenareshan na 12 zai bar shi a baya.

Ko soket da bod sun dace, saura maganar BIOS, ƙaramar manhajar nan da ke zaune cikin bod, wadda ke tashi kafin Windows. Bod ɗin B450 ya fito a 2018, Ryzen 5000 kuma sai a ƙarshen 2020. Yana iya ɗaukarsa, amma sai an sabunta masa BIOS, kuma in ba shi da maɓallin nan na baya da ke ba da damar sabuntawa da filash kaɗai, sai ka nemo aron tsohon firosesa kafin ka iya yi. Haka B660 yake da jenareshan na 13 da na 14. Maganin wannan ba wahala. Duk kamfanin da ke ƙera bod, ASUS ne ko MSI ko Gigabyte ko ASRock, yana da jerin firosesocin da kowane bod ke karɓa a shafinsa, har da lambar BIOS ɗin da ake buƙata. Ka buɗe a wayarka kana tsaye a gaban mai shago. Ba rashin yarda ba ne, kuma mai shagon kirki ba zai ji haushi ba.

Sai haruffan ƙarshen suna, waɗanda mutane ke ɗauka ado ne. Firosesan Intel da ya ƙare da F, kamar i5-12400F, ba shi da na'urar fitar da hoto a cikinsa. Ryzen 5 5600 ma haka, amma 5600G yana da ita. Ma'ana in ka sayi mai F ko 5600 zalla, kana shirin sai nan gaba ka sayi katin girafik, wato katin da ke fitar da hoto, to har zuwa wannan ranar ba za ka ga ko harafi ɗaya a allo ba, duk da ramin HDMI da kake gani a bayan bod. A ganina wanda kuɗinsa bai kai na kati ba ya ɗauki mai G, ko na Intel marar F, ya fara aiki yau, kati ya biyo baya.

Ram kuwa, ka ɗauki sanda ɗaya ka duba gefen da ke da haƙoran zinare. Za ka ga wata 'yar tsaga wadda ba a tsakiya daidai take ba. DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, haƙoransu 288 kowanne, amma wurin tsagar ya bambanta, da gangan aka yi haka don kada wani ya shiga gurbin wani. In ka ga yana turjewa, kar ka danna da ƙarfi. AM4 sai DDR4, AM5 sai DDR5. LGA1700 ne mai ruɗa mutane, domin akwai bod ɗinsa na DDR4 akwai na DDR5, wani lokaci sunan kusan iri ɗaya, sai dai a ƙara D4 a ƙarshe. Ram ɗin laftof gajere ne, ba ya shiga kwata-kwata. Kuma sanda biyu masu 8GB iri ɗaya sun fi sanda ɗaya mai 16GB, musamman ga mai dogaro da hoton cikin firosesa. In ramuka huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen firosesa ake fara cikewa, littafin bod zai tabbatar maka.

Akwai wata dabara da ake yawan yi a nan: a sayi tsohuwar kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, da niyyar a ƙara mata kati ta zama ta gem. Waɗannan injina ne masu juriya, ban raina su ba, don aikin ofis ma ni ne zan ce ka saya. Sai dai da yawansu bod ɗinsu da mahaɗin wutarsu na kamfanin ne kaɗai, ba irin mai haƙora 24 da kowa ke amfani da shi ba, sirara daga cikinsu kuma kati mai cikakken tsayi ba ya shiga. Ka saye ta a yadda take, kar ka ɗauke ta harsashin gini.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci, fawa fak, na'urar da ke raba wa kayan kwamfuta wuta. Za ka ga mutum ya zuba dukiyarsa a kan kati da firosesa, da aka zo kan abin da zai ba su wuta sai ya ce a ba shi ko wanne ne. A ƙasar da wuta ke zuwa da ƙarfi yanzu, anjima ta yi ƙasa, a ɗauke a tayar da janareto, fawa fak ɗin nan shi ne ke tsaye tsakanin wutar da duk abin da ka saya. In ya mutu shi kaɗai, ka yi sa'a. Sau da yawa marar kyau yakan tafi da bod ko kati. Lambar da aka rubuta a jikinsa ma ba kullum take gaskiya ba, wanda ba shi da suna kuma ba shi da nauyi a hannu, ko ya ce wat 700 ne kar ka yarda. Ka nemi na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus, wato shaidar rashin ɓarnar wuta, ko da matakin Bronze ne, sannan ka yi lissafi. Ryzen 5 5600 yana cin wat 65, katin RTX 3060 wat 170, kuma Nvidia mai ƙera shi da kanta wat 550 ta ce a nema wa wannan katin. Ka bar sarari a sama, amma ba sai ka sayi na wat 1000 ba.

In na hannu ne, ka juya bayansa ka duba kusa da inda waya ke shiga. Wasu tsofaffi suna da wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe da farce, an rubuta 115 a ɓari ɗaya, 230 a ɗayan. Wanda ya fito daga Amurka yakan zo a kan 115, wutarmu kuwa 230 ce. In ka jona shi a haka, ƙara ɗaya za ka ji sai ƙaurin ƙuna. Haka kuma masu wayoyin da ake cirewa a mayar: kar ka taɓa ɗaukar wayar wani fawa fak ka sa a wani, ko da ta shiga daidai, domin jerin wutar da ke cikin ramukan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wayar haƙora 8 ta firosesa daban take da ta kati, an rubuta a jikin kowacce. UPS ma, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ka duba wat ɗinsa, kar lambar VA ta ruɗe ka, mai 650VA yawanci bai kai wat 400 ba. Mai sola kuma ya tabbata inbatarsa mai ba da tsaftatacciyar wuta ce, irin wadda ake ce wa fiyo sayin web, domin wasu fawa fak na zamani ba sa jituwa da ɗaya nau'in.

Akwati kuma awo ne kawai. Bod ɗin ATX milimita 305 ne da 244, micro-ATX 244 da 244, ƙarami yana zama a babban akwati, babba ba ya zama a ƙarami. Ka duba tsawon kati da tsayin fankar firosesa, ka gwada da abin da aka rubuta na akwatin. Amma ina roƙonka, ɗan'uwa, kar fitilu masu launi su ja ka zuwa akwatin da gabansa gilashi ne a toshe. Waɗanda kake kallo suna haɗa irinsa a YouTube a ɗaki mai sanyi suke. Kai kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa. Ka nemi mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a kakkaɓe. Ma'ajiya ba ta da rikici sosai, SSD za ka saya, sai dai ka sani M.2, wato siririn SSD da ake soka wa a jikin bod, iri biyu ne, NVMe da SATA, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu: kuɗi a hannu narkewa yake, Naira tana sauka, abin da ka gani yau gobe ya tashi, ga hidimomin gida da ba sa barin ajiya ta kwana. Ban musa ba. In dole sai ka riƙa mayar da kuɗin kaya, to ka fara da waɗanda ba sa zaɓen abokin zama sosai: akwati, fawa fak mai kyau, SSD, allo. Su za su jira ka ko shekara ce. Amma ukun can, firosesa da bod da ram, rana ɗaya ake sayensu, in da hali a shago ɗaya. Dalilin ya wuce dacewa kaɗai. Kayan hannu garantinsu 'yan kwanaki ne, firosesan da ka saya a Janairu kuwa ba ka da yadda za ka gwada shi sai bod ya zo a Afrilu. In a lokacin ya ƙi tashi, wa za ka kama? Mai firosesa zai ce bod ne, mai bod ya ce ram ne, kai kuma ba ka da na gwaji. Ba a cinikin biri a sama.

Ranar sayen, ka je da jerinka a rubuce, wanda ka riga ka zuba a shafin PCPartPicker ya nuna maka in akwai saɓani. Kafin a ɗora komai, ka karɓi bod ɗin ka karkata shi, ka haska soket da fitilar waya. A Intel da AM5 siraran alluran suna jikin bod ne, a jere suke sheƙi iri ɗaya, wadda ta lanƙwashe za ka ga haskenta ya fita daban. A AM4 alluran suna ƙarƙashin firosesa, can za ka duba. Daga nan ka ce, Malam, don Allah a haɗa mini su a nan in gani. A ɗora bod a kan kwalinsa, a sa firosesa da fanka da ram, a jona wuta da allo, a shiga BIOS. Ka karanta sunan firosesan da idonka, ka ga adadin ram ya cika, ka bar shi a kunne minti goma kana kallon zafinsa. In mai shago ya ce ba shi da lokacin wannan, akwai wani shagon a gaba. In ya yi, ka sa ya rubuta lambar kowane kaya da kwanakin garanti a rasit kafin ka tura kuɗi.