Kuka da kuɓewa 'yan gida ɗaya ne

Jiya da daddare na tarar da ƙanwata tana ta nanata sunayen Latin kamar mai tilawa, wai jarrabawar ilimin halittu gare su. Sai na ce mata, tsakanin kuka da giginya da kuɓewa, waɗanne biyu ne suka fi kusa a dangantaka? Ko jim ba ta yi ba ta ce kuka da giginya mana, ai duk itatuwa ne. Ban ga laifinta ba, ni ma a shekarunta abin da zan faɗa ke nan. Amma ba haka ba ne. Kuka da kuɓewa gidansu ɗaya, su da auduga, rama, yakuwa, lalo, rimi da goro. Ita kuwa giginya, duk tsayin nan nata, ta fi kusa da gero da dawa. Ku dubi ganyensu, jijiyoyin a jere suke tafiya, kuma ƙwayarsu da kunne ɗaya take tsirowa.

Ni dai a ganina ta wutsiya muke kama darasin nan. Ana ba yaro jerin sunaye ya haddace, ba a gaya masa cewa rarraba tsirrai labarin zuriya ne, irin wanda kaka ke yi idan ta fara lissafo wa ya haifi wa.

Labarin kuma a ruwa ya fara. Masana sun ce kakannin duk wani tsiron tudu wata irin koriyar gansakuka ce ta ruwan daɗi, kuma mafi tsufan alamar da aka samu a cikin duwatsu ta hawowarsu tudu ta kai shekara miliyan 470. Kafin nan ƙasa fayau take, ba ciyawa ba inuwa. Abin da ya saba da ruwa idan ya fito tudu ya gamu da aiki: rana za ta busar da shi, ba abin da zai tallafe shi ya miƙe, kuma ta ina zai hayayyafa? A hankali aka samu fata mai kamar kaki da ke riƙe danshi, da 'yan ƙofofin shaƙar iska a jikin tsiro. Gansakukar nan mai laushi da ke lulluɓe jikin katanga ko bakin rijiya da damina, har yau kusan a wannan mataki take. Ba ta da jijiyar jan ruwa sama, shi ya sa ba ta tsayi, kuma sai da lema take haihuwa.

Daga baya jijiyoyi suka zo. Akwai wani ɗan tsiro da aka tono burbushinsa a Birtaniya, ana ce masa Kuksoniya, mai shekara wajen miliyan 430. Bai wuce tsayin yatsa ba, ba ganye ba fure, 'yan sanduna ne kawai masu rassa. Daga irinsa aka kai ga manyan dazuzzukan fadama da suka rufta suka zama kwal ɗin da Ingila ta kunna masana'antunta da shi. Sai ƙwaya, wadda ni a wurina ita ce babbar dabara: ɗan tsiro a naɗe cikin ɓawo da guzurinsa, yana iya kwana rani guda yana jiran ruwan farko. Duk manomin da ya taɓa yin binne ya san wannan. Masu fure su ne 'yan auta, ba su bayyana sosai ba sai wajen shekara miliyan 130 da suka wuce, amma yau su ne kusan tara cikin goma na nau'o'in tsirran duniya.

Na san akwai wanda da ya ga miliyoyin nan zai tsuke fuska. Ni dai sanin yadda aka yi abu bai taɓa rage mini girman Wanda ya yi shi ba. Mu ci gaba.

Shi tsarin ba kowane tsiro sunan Latin mai kalma biyu da ake wahalar da yara da shi, wani ɗan Suwidin ne, Liniyas, ya daidaita shi a 1753, kuma da ƙirga sassan fure ya raba tsirrai. Daga 1998 masana suka koma auna dangantaka da ƙwayoyin gado, sai gidaje suka yi ta watsewa suna haɗewa. A nan ne aka dawo da kuka da goro cikin gidan kuɓewa. Abin ma har da siyasa. A taron masana tsirrai na duniya da aka yi a birnin Melbon na Ostareliya a 2011 aka tabbatar wa itatuwan Ostareliya sunan Akeshiya, bagaruwarmu da dakwara, da su ma da can sunansu na Latin ke nan, dole suka sauya suna. Masanan Afirka da yawa ba su ji daɗi ba, kuma ina bayansu.

Wani zai ce to me wannan zai ƙara wa mai gona? Da yawa. Gawo da wake da gyaɗa gida ɗaya ne, kuma saiwarsu na tara taki daga iska, ga shi gawo yana kaɗe ganye da damina, shi ya sa geron ƙarƙashinsa yake fin na gefe. Ƙudujin da ke cin gero shi ke cin dawa da masara, don haka wanda ya cire wannan ya sa wancan bai gudu ko'ina ba. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ba ta ƙin kuɓewa. Dogonyaro daga Indiya aka kawo shi, amma ɗan'uwan maɗaci ne, kuma harshe kaɗai ya isa shaida. Da malami zai shiga aji da furen kuɓewa da na auduga da na rama ya ajiye a kan tebur, minti biyar ya ishi yara su ga kamar da kansu.

Ƙanwar tawa dai ba ta yarda da ni ba, ta tashi ta sami Inna a madafa tana ba ta labari, wai Yaya ya ce kuka da kuɓewa da lalo dangi ne. Inna ko ɗagowa ba ta yi daga kaɗa miya ba, ta ce to da can ba ki ga duk yauƙi gare su ba?