Bututun maƙogwaro a gida: a tambayi majinyacin tun yana iya magana

Akwai cutar da likitoci ke kira MND, wadda take kashe jijiyoyin da ke kai umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Hannu ya fara sanyi, ƙafa ta biyo baya, harshe ya yi nauyi, daga bisani tsokar numfashi ta gaza, alhali galibi hankalin mutum yana nan garau. A nan Kano akan ɗauke ta shanyewar ɓarin jiki ko jifa, sai an sha yawon magani kafin a dangana da likitan jijiyoyi. Yawancin masu ita ba sa wuce shekara 2 zuwa 5 bayan an gano ta, kuma gazawar numfashi ce takan zama ajalinsu.

Idan takunkumin da ake ɗaura wa majinyaci a fuska a haɗa da injin taimakon numfashi ya daina wadatarwa, akan zo ga batun huda maƙogwaro a sanya bututu a haɗa shi da injin. Masu son aikin sukan kawo misalin Stephen Hawking, masanin kimiyyar Ingila da aka gano masa cutar a 1963, aka huda maƙogwaronsa a 1985 bayan ciwon huhu ya kama shi a Janeba, ya rayu har 2018. Gaskiya ne, amma a wannan aikin ne ya rasa muryarsa, kuma ma'aikatan jinya ne suke karɓa-karɓa a kansa dare da rana.

Bututun ba ya tsayar da cutar, numfashi kawai yake riƙewa. Tunda majinyacin ba ya iya tari, dole a riƙa zuƙe masa majina da inji sau da yawa a yini, har da tsakar dare. Iskar kuma ba ta bi ta hanci balle ta jiƙe, saboda haka a lokacin hunturu, da ƙura da bushewar iska irin tamu, majina takan daskare ta toshe bututun, kuma mintuna kaɗan sun isa a rasa rai. Ga batun wuta: gidan da ba shi da sola ko janareta, da batir na ko-ta-kwana, da jakar hura iska ta hannu, bai shirya karɓar wannan majinyaci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda nauyin yake faɗawa a kansa. Mu mutane ne masu zuwa dubiya, falo ya cika da lemo da ayaba, a yi addu'a a watse kafin magariba, sai a bar matar gida ko 'ya mace guda ɗaya da injin har asuba, wata da watanni. Mutum ɗaya ba ya iya wannan jinya. A ganina, kafin a sa hannu a takardar amincewa da aikin huda maƙogwaron, dangi su zauna su fitar da aƙalla mutum uku da za a koya musu zuƙe majina da wanke ƙaramin bututun da ke cikin na maƙogwaron, a rubuta wa kowa darensa.

Shi ma majinyacin a faɗa masa gaskiya tun harshensa na aiki, a ji ko yana so ko ba ya so, domin wanda ya zaɓi takunkumi da kulawar sauƙaƙa wahala bai yi laifi ba. Tun lokacin ne kuma ya kamata a fara koyon allon haruffan da zai riƙa nunawa da ido, tunda idanu sukan daɗe suna motsi bayan sauran jiki ya tsaya.