Uwar da ke gefen gado ita ma malamarmu ce

Ni ɗalibin likitanci ne, yanzu ina sashen yara, kuma akwai abin da ke damuna game da yadda mu ɗalibai muke ɗaukar uwar da ke zaune a gefen gado. Da yawanmu tambayoyi kawai muke jero mata, mu cike takarda, mu ruga mu karanta wa babban likita. A ganina, in ka cire malamanmu, babu mai koya mana aikin nan kamarta.

Jariri ba zai ce maka ga inda ke masa ciwo ba. Ɗan shekara biyu ma da ya hango farar riga sai kuka. Labarin ciwon duk a bakin uwa yake. Idan ta ce, "Likita, yaron nan ba haka yake ba," ko da zafin jikinsa bai kai komai ba, ka tsaya ka tambaye ta me ya canza. Sai ka ji ta ce tun jiya bai kama nono ba, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko barci ya yi masa yawa har tashinsa na wuya. Waɗannan, tare da jijjiga, su ne alamomin haɗarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sa a gaba a tsarinsu na duba yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mu haddace su muka yi saboda jarrabawa, ita kuwa a kansu ta kwana ba ta runtsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaran su ma suna koyarwa, haƙuri suke fara koya maka. Littafi ya ce numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ga jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi sauri, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Amma wa zai ƙirga numfashin yaron da ke tsala ihu? Dole ka bar shi a cinyar uwarsa, ka ɗan ja baya, ka jira ya lafa, ka ƙirga minti guda cif kana lura ko ƙasan ƙirjinsa na shigewa ciki. Ka ɗuma hannunka kafin ka taɓa shi. Duba kunne da maƙogwaro kuwa sai a ƙarshe, don daga nan zaman lafiya ya ƙare.

Iyayen masu sikila su ne suka fi ba ni mamaki. Uwar da ta yi shekaru tana jinya takan gane kumburin hannu da ƙafa tun yana somawa, wata ma an koya mata laluba saifa, ta san lokacin da ta ƙara girma. Ka ce mata, "Mama, nuna min yadda kike dubawa." Za ta nuna maka da murna.

Abin da ba na so shi ne mu yi cincirindo a kan yaro ɗaya saboda ciwonsa ba a cika gani ba, kowa ya latsa cikinsa, ba sallama, ba neman izini, muna ta Turanci a kansa uwar na bin bakinmu da ido cikin fargaba. Ya kamata malamai su riƙa ba da maki a kan wannan kamar yadda suke bayarwa a kan gano cuta: shin ɗalibin ya faɗi sunansa, ya ce shi ɗalibi ne, ya bari ta kai ƙarshen maganarta? Kuma in za a sallami mai gudawa, a sa ɗalibin ya zauna da uwar har ta maimaita masa da bakinta yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari, da cewa maganin zinc kwana 10 zuwa 14 ake ba shi ko da gudawar ta tsaya, da alamomin da in ta gani za ta dawo da shi ko da tsakar dare ne.