"Ni ba ƙwaƙwalwar lissafi gare ni ba": wa ya gaya maka?

Akwai wani ɗan yayana da tun yana aji uku aka gama yanke masa hukunci a gida da makaranta, daƙiƙi ne, shi kenan. In ya fara karatu sai ka tausaya masa, yana bin haruffa da yatsa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Amma yaron nan ka miƙa masa fanka ko rediyon da ta mutu, zai zauna ya kwance ta tsaf ya jera sukurorin a kan takarda bi da bi yadda ya ciro su, ya kai hanci ya shinshina wani lungu ya ce maka "Baffa nan ne ya ƙone", kuma wallahi nan ɗin ne. Babu wanda ya taɓa kiran wannan basira, ɓarna ake ce mata.

Irin waɗannan yaran ne suka sa maganar Howard Gardner ta samu shiga a duniya. Malami ne a jami'ar Harvard, a 1983 ya fitar da littafi yana cewa basira ba aba ɗaya ba ce, ya lissafo bakwai, ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa da sauti, ta gane fili da siffa, ta sarrafa jiki, ta fahimtar mutane da ta sanin kai, daga baya ya ƙara ta gane tsirrai da dabbobi. Ba a iska ya tsinto ta ba, ya yi aiki da marasa lafiyar da wani sashe na ƙwaƙwalwarsu ya lalace, ya ga yadda mutum kan rasa magana amma waƙa ba ta ɓace masa ba. Toh in abu ɗaya ne, ya za a yi rabi ya tafi rabi ya zauna?

Kuma ko gwajin IQ ɗin nan na auna basira da wasu ke ɗauka kamar ma'aunin ƙaddara, asalinsa ba haka ba ne. Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara shi a Faransa a 1905 don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, Binet ɗin ma bai yarda basira a daskare take ba. Bayan an kai shi Amurka ne ya koma lambar da ake liƙa wa mutum. Sai ga wani masani, James Flynn, ya nuna cewa a ƙasashe da yawa makin yana ta hawa da kusan 3 duk shekara goma a ƙarnin da ya wuce. Jikoki ba su fi kakanninsu jini mai kyau ba ai, makaranta da lafiya da yanayin rayuwa ne suka canza.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken da aka wallafa a 1985 kan yara masu talla a birnin Recife na Brazil. Masu binciken sun je kamar masu saye, aka tambayi wani yaro kuɗin kwakwa huɗu, kowace 35. Da ka ya yi, uku 105 ne, ya ɗora ta huɗun, ya ce 140. Da aka ba shi takarda da biro aka rubuta masa 35 sau 4, sai ya bi ƙa'idar makaranta ya hargitsa ta ya rubuta 200. Yaro ɗaya, lissafi ɗaya. Malamin da takardar kawai ya gani zai rantse yaron nan bai iya lissafi ba.

Zuwa nan kam ina tare da masu cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da nake gani yanzu a intanet, mutane sun ɗauki wannan magana sun mayar da ita katifa. Sai ka ji babban mutum da gemunsa yana cewa ni fa ba ƙwaƙwalwar lissafi gare ni ba, ko uwa ta ce ɗana mai koyo da ido ne shi ya sa bayanin malami ba ya shigarsa, an amsa wasu tambayoyi goma a waya an samu sakamako an riƙe shi kamar takardar asibiti. Da malami ne ke ce maka daƙiƙi ka ji haushi, yanzu kai ke faɗa wa kanka cikin lafazi mai daɗi. An gudu ba a tsira ba kenan.

Na farko dai, masana da yawa ba su gamsu da rabon Gardner ba. Tun 1904 Charles Spearman ya lura cewa yaron da ya yi kyau a darasi ɗaya yawanci yakan yi kyau a sauran, kuma har yau gwaje-gwaje haka suke nunawa. Ba daɗin ji, na sani, domin mun fi son a ce wanda aka hana lissafi lallai an biya shi da kiɗa. Ba dole ba ne. Wani yana da duka biyun, wani kuma sai ya sha wuya a duka biyun.

Batun "salon koyo" kuwa, wato wai wannan da ido yake koyo wancan da kunne wancan da taɓawa, ya fi rauni. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi binciken da aka yi a kai, ba su samu gamsasshiyar hujjar cewa in ka koyar da yaro ta salon da ya zaɓa zai fi ganewa ba. Shi kansa Gardner ya fito a 2013 ya ce a daina haɗa ra'ayinsa da wannan. Mutum yana da abin da ya fi masa daɗi, gaskiya ne, amma daɗi daban ganewa daban. Darasin ne ke zaɓar hanya, taswira sai an gani, furucin baƙon harshe sai an ji, keke kuwa ko bidiyo dubu ka kalla sai ka hau ka faɗi ka kurje gwiwa.

Abin da ke aiki kusan ga kowa ba shi da wani armashi, shi ya sa ba a yaɗa shi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kuma bitar da aka rarraba kwana-kwana ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 Roediger da Karpicke sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka sa suka rufe takarda suka rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, bayan mako guda labari ya juya. Duk wanda ya taɓa kwana yana ja wa littafi layi da jan biro, ya shiga jarrabawa kansa fayau, ya san wannan a jikinsa (ni ma ina cikinsu, ba sau ɗaya ba).

Ita kanta ƙwaƙwalwar ba a daskare take ba. Direbobin tasi na Landan da ke shafe shekaru suna haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu a 2000 ta ga sashen da ke riƙe hanya ya fi na sauran mutane girma, kuma yadda direba ya daɗe a aikin haka girman yake ƙaruwa.

Ɗan yayan nan nawa, da muka gano baiwarsa mun kusa yi masa wata illar, har an fara cewa a ƙyale shi da boko tunda hannu gare shi. Shi ya ƙi, domin ya kai inda gyara ba ya yiwuwa sai ya karanta lambobin da ke jikin ƙananan kayan da bayanin da ke zuwa da su, ya kuma yi lissafin ƙarfin wuta. Yayarsa ta riƙa zama da shi minti ashirin kullum, ya karanta shafi ta karɓe littafin ya faɗa mata abin da ya gani. Har yanzu a hankali yake karatu, yatsan ma bai daina ba, amma shafin yana ƙarewa.