A horar da malamai kafin a sayo mutum-mutumin

Wani labari ya ce ɗaliban jinya da suka koyi aiki a kan mutum-mutumin roba mai kwaikwayon marar lafiya ba su gaza takwarorinsu da suka koya a asibiti ba, kuma na yarda. Binciken da NCSBN, majalisar hukumomin ba da lasisin jinya ta Amurka, ta fitar a 2014 ya bi ɗalibai sama da 600 a makarantu 10. An gano ko da rabin lokacin zuwa asibiti ya koma irin wannan gwaji, sakamakon jarrabawar lasisi da iya aiki bai bambanta ba.

Sai dai da sharaɗi: ƙwararrun malamai, kayan aiki na kirki, da zaman bita bayan kowane gwaji. Zaman nan shi ne ƙashin bayan abin. Ɗaliba ta lalubi jijiya ta rasa, ko ta manta duba numfashi har na'ura ta fara ƙara, sai malama ta zaunar da ita ta ce, "Me kika gani? Me ya sa kika fara da wannan?" A ɗakin marasa lafiya, inda ma'aikaciya ɗaya ke fama da gadaje barkatai, wa ke da wannan lokacin?

Tsorona kada makarantunmu su sayo mutum-mutumi mai tsada, a yi bikin buɗewa, sannan a kulle shi saboda rashin wuta ko wanda ya iya sarrafa shi. Kuma roba ba ta jin kunya ko tsoro. Lallashin tsohuwa har ta yarda a yi mata allura, sai a bakin gadonta ake koyonsa.