Wa'adin Windows 10 ya cika: wanda zai zauna a kanta ya san abin da ya ɗauka

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a watan Yulin 2015, wadda ta yi shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi da makarantu da asibitoci da shagunan buga takardu. Tun daga lokacin mutane suka rabu gida biyu. Wasu suna cewa kowa ya yi maza ya koma Windows 11 ko ya sayi sabuwar kwamfuta, wasu kuma suna cewa duk zancen dabarar cin kasuwa ce, tunda ga kwamfutocinsu nan suna aiki lafiya lau. Ina tare da kashi na biyu wajen zargin kamfanin, amma mun rabu a kan abin da ya kamata a yi. A ganina mutum yana da cikakken uzuri ya ci gaba da zama a kan Windows 10 idan ƙarfinsa bai kai ba, sai dai uzurin nan yana ƙarewa ne a daidai inda bayanan wasu mutane suka shiga cikin kwamfutarsa.

Ya kamata a fara fahimtar abin da ya tsaya. Kwamfutar ba za ta mutu ba, takardun da ke cikinta ba za su ɓace ba, Word da Excel za su ci gaba da buɗewa. Abin da aka daina shi ne gyaran tsaro na kyauta wanda kamfanin yake turowa a Talata ta biyu ta kowane wata, wato toshe kafofin da aka gano cewa masu kutse za su iya bi su shigo. Lamarin kamar gidan ƙasa ne da aka daina yi wa yaɓe: ba ya faɗuwa a ranar da aka daina, amma kowace damina tana cin rabonta, kuma mai gidan ba ya ganin ɓarnar daga cikin ɗaki.

Laifin Microsoft a nan ba ƙarami ba ne, kuma ba na son a rufe shi. Lokacin da aka daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, kusan duk kwamfutar da ke ɗauke da ita tana iya karɓar Windows 10, saboda haka hanyar fita a buɗe take. Wannan karon an sa shinge. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan tana buƙatar furosesa, wato guntun da yake yin lissafin kwamfuta, ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko ta AMD daga Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe. Zubi na takwas kuwa sai a rabin ƙarshe na 2017 ya fara fitowa. Ma'anar wannan ita ce kwamfuta mai Core i7 ta zubi na bakwai, mai wadatacciyar ƙwaƙwalwa, wadda take gudanar da kowane aikin ofis ba tare da gajiyawa ba, an ce ba ta cancanta ba. Kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sharaɗi. Ban yarda cewa tsaro kaɗai ne dalili ba, domin masu ƙera kwamfuta su ne suka fi kowa cin ribar wannan shinge.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu kai tsaye shi ne inda waɗannan kwamfutoci suke nufa. Idan kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka suka sauke tsofaffin na'urorinsu, ba duka ake narkarwa ba. Da yawa jirgin ruwa suke hawa su sauka a Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja da kasuwar Alaba, daga nan su iso shagunan titin Beirut a Kano da sauran biranenmu. HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad na hannu su ne abin da ɗalibi da malami da ƙaramin ɗan kasuwa suke iya saya, kuma kaya ne masu ƙarko. To yanzu waɗanda za su fi yawa kuma su fi araha su ne ainihin waɗanda Windows 11 ta ƙi karɓa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, duk wanda ya ce wa malamin firamare ya jefar da kwamfutarsa mai lafiya ya sayi sabuwa bai san halin da ake ciki ba.

Duk da haka, haɗarin gaskiya ne, kuma yadda yake aiki shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Windows 10 da Windows 11 tushensu ɗaya ne, kaso mai yawa na ginin cikinsu iri ɗaya ne. Duk wata da Microsoft ya fitar da gyara ga Windows 11, masu kutse suna ɗaukar gyaran su kwatanta shi da yadda manhajar take kafin a gyara, daga nan su gane ainihin inda kafar take. Sai su juya su gwada a kan Windows 10, inda sau da yawa kafar tana nan, kuma ba wanda zai zo ya toshe ta. Wato kowane gyara da aka yi wa sabuwar yana nuna hanyar shiga tsohuwar, kuma kafofin taruwa suke yi wata bayan wata.

An ga misalin abin da kafa guda ɗaya take iya jawowa a ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa kafin ta saki fayiloli. A Ingila sai da hukumar lafiya ta ƙasa ta soke ganin likita kusan 19,000, aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitoci. Abin lura shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan kafa tun a watan Maris, kuma mafi yawan kwamfutocin da abin ya shafa Windows 7 suke ɗauke da ita, wadda a lokacin ana tallafa mata, kawai ba a sa gyaran ba ne. Waɗancan sakaci ne ya ci su, domin maganin yana nan ba su ɗauka ba. Wanda ya zauna a kan manhajar da wa'adinta ya cika kuwa, ko yana so ya ɗauka babu abin da zai samu, in ban da shirin ƙarin wa'adi da za mu zo kansa. Gaskiya ne cewa a wancan karon kamfanin ya yi rangwame ya fitar da gyara na musamman ga Windows XP, wadda aka daina tallafa wa tun 2014, amma ba a gina tsaron sana'a a kan fatan rangwame.

Akwai hujjar da nake yawan ji, kuma ta cancanci amsa. Ana cewa ai mu dama ba ma barin kwamfuta ta sabunta kanta, domin tana cinye data, mai gyara ma da kansa yake kashe sabuntawar ranar da ya sa Windows ɗin, kuma ga shi shekara da shekaru ba abin da ya faru. Na yarda cewa data tana da tsada, amma ban yarda cewa ba abin da ya faru ba. Ɓarawon bayanai na yanzu ba ya son a san ya shigo. Yana kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, ya ɗauki hanyar shiga imel da Facebook da asusun banki, ya bar kwamfutar tana aiki kamar kullum. Idan daga baya aka ƙwace wa mutum shafinsa aka fara roƙon kuɗi da sunansa, ba ya taɓa kawo wa ransa cewa daga kwamfutar abin ya faro. Manhajar kashe ƙwayoyin cuta tana taimakawa, kuma Microsoft ya ce tasa mai suna Defender za ta ci gaba da samun sabuntawa a Windows 10 har zuwa 2028, amma aikinta kama abin da ya shigo ne, ba ta toshe kafar da ke jikin babbar manhajar.

A nan ne zancen amana yake shigowa, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Wanda yake kallon bidiyo da buga wasiƙa a kwamfutarsa, idan ya zaɓi ya ɗauki kasada, kansa ya ɗaukar wa. Amma a duba shagon da ake yi wa ɗalibai rajistar JAMB da NECO da WAEC, ake cike takardun neman aiki da na tallafin karatu. A cikin kwamfuta ɗaya ta irin wannan shago akwai lambobin NIN da BVN, hotunan fasfo, takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa, lambobin waya da kalmomin sirri na ɗaruruwan mutane, kuma filashi iri-iri suna shiga suna fita daga safe zuwa dare. Haka abin yake a ƙaramin asibiti mai ajiye bayanan marasa lafiya, da ɗakin gwajin jini, da makarantar kuɗi mai riƙe da sunayen yara da adireshin iyayensu, da ofishin lauya. Dattijon da ya miƙa katinsa na ɗan ƙasa don a cike wa ɗansa fom bai san menene Windows ba, bai kuma amince a yi kasada da shi ba, ya dai yarda da mai shagon ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan kare su, amma tun kafin doka mun san hukuncin wanda aka ba ajiya ya yi sakaci da ita.

Hanyoyin fita suna nan, kuma ba duka ne suke cin kuɗi ba. Ta farko ita ce shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya kira ESU, wanda a sanarwarsa ya ba ɗaiɗaikun mutane gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, matuƙar kwamfutar tana kan zubin ƙarshe na Windows 10, wato 22H2. Ana shiga da dala 30, kuɗin da a canjin lokacin ya haura rabin mafi ƙarancin albashi, ko kuma kyauta idan mutum ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a adana saitunan kwamfutarsa a rumbun kamfanin. A yawancin ƙasashen Turai an cire sharaɗin adana saitunan bayan da ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta Euroconsumers ta matsa lamba, abin da ke nuna cewa kamfanin yana sassautawa inda aka ɗaga masa murya, mu kuwa ba wanda ya yi magana a madadinmu. Ga kamfanoni da ma'aikatu farashin dala 61 ne a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Wannan shiri lokaci kawai yake ba mutum don ya shirya, kuma duk wanda ya samu ya kamata ya karɓa.

Ta biyu ita ce Linux, wata babbar manhaja daban da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, kuma ita nake ba wa mafi yawan mutane shawara. Nau'o'inta irin su Linux Mint 22 da Ubuntu 24.04 kyauta ne, suna da gyaran tsaro har zuwa 2029, kuma suna gudu da sauri a kan kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi. Manhajar ofis ta LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, Chrome da Firefox suna aiki, har tsarin madannai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ yana ciki. Ba zan ɓoye naƙasunta ba: CorelDraw da Photoshop ba sa aiki a kanta kai tsaye, na'urorin ɗaukar zanen yatsa da ake rajista da su yawanci Windows suke nema, wasu furintoci suna ba da wahala, sannan masu gyaran da suka iya ta ba su da yawa a kasuwanninmu. Ga mai shagon da aikinsa ya rataya a kan irin waɗannan manhajoji, abin da ya fi shi ne ya raba aiki. Tsohuwar kwamfutar ta zauna ba intanet, tana zane da buga takardu, sannan a nemi guda ɗaya mai samun gyaran tsaro wadda a kanta kaɗai za a riƙa shiga shafukan rajista da banki, a kuma goge takardun mutane da zarar an gama aikinsu.

Dabarar da masu gyara suke yi ta tsallake shingen su cusa Windows 11 a kwamfutar da ba ta cancanta ba tana aiki, kuma ta fi zama babu gyara sam, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Wanda aka yi wa haka yana da haƙƙin a gaya masa.

Wannan ya kawo ni ga 'yan'uwanmu masu sayar da kwamfuta ta hannu. Ba laifi ba ne a sayar da kwamfutar zubi na shida ko na bakwai, kaya ne mai amfani kuma yana da masu buƙata. Laifin shi ne a cusa mata Windows 11 ta bayan gida, a nuna wa mai saye fuskar allo a ce masa sabon yayi ce, a karɓi kuɗin zubi na takwas. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, kuma wannan aibi ne ko da ido ba ya ganinsa. Mai saye kuma ya daina dogara da sunan samfuri ko takardar da aka manna a jiki, domin samfuri ɗaya yana iya zuwa da furosesa iri biyu. Ya sa a buɗe masa bayanan na'urar ya karanta lambar da ke bayan i5 ko i7 da idonsa: idan ya ga i5-6300U ko i5-7200U, zubi na shida ne da na bakwai, Windows 11 ba ta karɓarsu ta hanyar da ta dace, idan kuma ya ga i5-8250U, zubi na takwas ne, tana karɓa. Wanda ya zaɓi ta farkon saboda arha, ya nemi ragi a kan wannan dalili, kuma ya yanke shawarar manhajar da zai sa mata tun kafin ya bar shagon.